Gyaran manhajar injin mota

Gyaran manhajar injin mota, wanda a Turanci ake kira chip tuning ko remapping, shi ne sauya bayanan da ke cikin kwamfutar da take sarrafa injin mota domin a canza yadda injin yake aiki. Galibi ana yin sa ne don a ƙara wa mota ƙarfi, ko da yake akwai masu yin sa don neman rage shan mai, ko cire iyakar gudun da kamfani ya sanya, ko daidaita kwamfutar da sababbin kayan da aka ɗaura wa injin. A wannan aiki ba a kwance inji, ba a taɓa fistin ko bawul. Lambobi kawai ake canzawa.

Ana yawan muhawara a kan ko wannan gyara yana ƙara ƙarfin doki da gaske ko kuwa tallar 'yan kasuwa ce. Amsar ta danganta da irin injin. A injin da ke da turbo, na fetur ko na dizal, ƙarin na gaske ne, ana iya auna shi, kuma yakan kai kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari. A injin da ba shi da turbo ƙarin kaɗan ne, sau da yawa bai kai yadda direba zai ji shi ba. Akwai kuma ƙananan na'urori masu araha da ake sayarwa da sunan wannan aiki waɗanda ba sa ƙara komai. A duk inda aka samu ƙari, daga cikin rarar da kamfani ya bari don kare injin aka ciro shi.

Ma'anar ƙarfin doki

Ƙarfin doki ma'auni ne na yawan aikin da inji yake iya yi a cikin wani lokaci. James Watt, injiniya ɗan ƙasar Sikotlan, shi ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18, don ya kwatanta wa masu saye injinansa na tururi da dawakin da suka saba aiki da su. Yau akwai ma'auni iri biyu. Na Ingila da Amurka, wanda ake rubutawa hp, daidai yake da wat 745.7. Na sauran ƙasashen Turai, wanda Jamusawa ke rubutawa PS, wat 735.5 ne, wato ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama da mita ɗaya a cikin daƙiƙa ɗaya.

Akwai wani ma'auni da ake yawan haɗa shi da wannan, wato ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm. Shi ne ƙarfin da inji yake murɗa karanshaf da shi. Ana samun ƙarfin inji da kilowat idan aka ninka ƙarfin murɗawa da yawan zagayen inji a minti ɗaya, sannan aka raba da 9549. Injin da ke ba da Nm 200 a zagaye 4000 yana ba da kusan kilowat 84, wato PS 114. Idan ya iya riƙe wannan Nm 200 har zuwa zagaye 6000, ya kai PS 171. Abin da direba yake ji a bayansa in ya taka totur a tsakiyar gudu shi ne ƙarfin murɗawa a wannan zagayen, kuma a nan ne gyaran manhaja ya fi nuna kansa, ba a babbar lambar da ake rubutawa a talla ba.

Abin da kwamfutar inji take sarrafawa

Kwamfutar inji, wadda ake taƙaita sunanta ECU, makanikai a Najeriya kuma suke kiranta birenbos, tana karɓar bayanai daga sansa iri-iri: yawan iskar da ke shiga, zafinta, zafin ruwan inji, wurin da karanshaf yake, yadda direba ya taka totur, da yawan iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Daga nan sai ta duba jadawalin da aka rubuta mata ta yanke yawan man da nozul za su fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, da matsin iskar da turbo zai tura in akwai shi. Waɗannan jadawalai su ne ake kira taswirorin inji, kuma su ne mai gyara yake sauyawa.

A injin fetur, abubuwa biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko shi ne haɗin iska da mai. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska, kuma a nan kwamfuta take riƙe inji a tafiyar yau da kullum, saboda a nan ne matatar hayaƙi take aiki daidai. Amma inji ya fi ba da ƙarfi idan an ɗan ƙara mai, wajen giram 12.5 zuwa 13 na iska ga kowane giram na fetur. Na biyu shi ne lokacin wuta. Idan fulogi ya ba da wuta da wuri, zuwa wani iyaka, ƙarfi yana ƙaruwa. In aka wuce iyakar, ragowar haɗin da ke cikin silinda sai ya fashe da kansa maimakon ya ci a hankali, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙwanƙwasa ba ita ce ake nufi idan aka ce inji ya buga ba, amma in ta daɗe tana iya fasa fistin ta kai shi ga bugawar. Lambar okten da ake rubuta wa fetur ita ce ma'aunin juriyarsa ga wannan fashewa.

Injin dizal ba shi da fulogi. A cikinsa ana sauya yawan man da ake fesawa, lokacin fesawar, matsin man, da matsin turbo.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, kafireto ne yake haɗa iska da mai, distiributa kuma yake raba wuta, masu neman ƙarfi kuma da sukudireba da sauya jet suke aikinsu. Kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin fesa mai na lantarki mai suna D-Jetronic a 1967, aka fara sa shi a motar Volkswagen 1600. A 1979 ya fito da Motronic, wanda ya haɗa sarrafa mai da wuta a kwamfuta guda, aka fara ganin sa a BMW 732i. Dokokin rage hayaƙi, musamman a Amurka, su suka sa kusan duk kamfanoni suka koma wannan hanya a shekarun 1980.

A kwamfutocin wancan lokaci jadawalan suna cikin wani ɗan cip mai suna EPROM, wanda ake goge shi da hasken ultraviolet. Mai gyara sai ya buɗe akwatin kwamfutar, ya cire cip ɗin, ya karanta abin da ke ciki, ya rubuta sabo ya mayar. Daga nan sunan chip tuning ya samo asali, kuma ya ci gaba da bin aikin ko da yake yanzu da wuya a cire wani cip.

Daga motocin shekarar 1996, Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin bincike mai suna OBD-II, mai soket ɗin ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tarayyar Turai ta bi baya da nata tsarin, motocin fetur daga 2001, na dizal daga baya kaɗan. Tun da kwamfutoci suka koma amfani da ma'adanar da ake iya sake rubutawa ba tare da an cire ta ba, sai ya zama ta wannan soket ake shigar da sabuwar manhaja. Kamfanonin motoci sun riƙa ƙara makullai, masu gyara kuma suna neman hanyar buɗe su, har ta kai wasu kwamfutocin sai an cire su an haɗa wayoyi kai tsaye a kan tebur.

Dalilin da ya sa kamfani yake barin rara

Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce, in har akwai ƙarin ƙarfi a cikin inji, me ya hana kamfanin da ya ƙera shi fitar da shi? Ba rashin sani ba ne. Mota ɗaya ake sayarwa a ƙasa mai ƙanƙara da ƙasa mai zafin hamada, a bakin teku da kan tsauni, ga mai sayen fetur mai kyau da mai sayen gurɓatacce, ga mai sauya baƙin mai a kan lokaci da wanda ba ya yi. Dole injin ya jure duk wannan tsawon shekaru, ya kuma ci jarrabawar hayaƙi da ta ƙara da ta shan mai. Ga kuma giyabos da kuloci, waɗanda suke da nasu iyakar. Don haka kamfani yakan tsaya nesa da bakin rami.

Dalili na biyu na kasuwa ne. Ya fi sauƙi a ƙera inji ɗaya a sayar da shi da ƙarfi daban-daban da farashi daban-daban. Injin 1.8T na rukunin Volkswagen ya fito da PS 150 da 180 a Golf, ya kuma fito da PS 225 a Audi TT. Injin dizal na 1.9 TDI ya fito da PS 90, 110, 115, 130 da 150. Masu gyara sukan kawo waɗannan misalai a matsayin hujja, kuma hujja ce, sai dai ba cikakkiya ba: Audi TT mai PS 225 tana da turbo mafi girma da na'urar sanyaya iska guda biyu, ba manhaja kaɗai ta raba ta da ƙanwarta ba.

Su kansu kamfanonin sukan sayar da ƙarin ƙarfi ta manhaja. Volvo tana sayar da gyaran Polestar ga motocinta ba tare da garanti ya faɗi ba. A ƙarshen 2019 Tesla ta fara sayar wa masu wani nau'in Model 3 ƙarin saurin tashi a kan dala 2000, wanda ake saukarwa ta intanet, ya rage lokacin kai mil 60 a awa daga daƙiƙa 4.4 zuwa 3.9. Wannan motar lantarki ce, amma ta nuna yadda abin yake: ƙarfin yana nan tun farko, manhaja ce ta tsare shi.

Inji mai turbo da marar turbo

Nan ne asalin amsar take. Inji ba ya ba da ƙarfi sai gwargwadon man da ya ƙona, ba ya kuma ƙona mai sai gwargwadon iskar da ya samu. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, iska ce take da wuya.

Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙo iska. Injin lita 2 mai bugu huɗu yana iya shaƙar kimanin lita 2 na iska a kowane zagaye biyu, kuma girman silinda da bawul da hanyoyin iska su suka yanke wannan, ba kwamfuta ba. Idan direba ya danne totur har ƙasa, ƙofar iska ta riga ta buɗe iyakarta, babu wata lamba da za ta ƙara buɗe ta. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne ya ɗan gyara haɗin mai, ya matso da lokacin wuta, ya ɗaga iyakar zagaye, ya kuma sauya lokacin bawul in injin yana da wannan tsari. Duk wannan yakan ba da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, sau da yawa bai wuce 5 ba, kuma mafi yawansa yana bukatar fetur mai okten mai yawa. A motar da ke da PS 130, ana maganar dawaki biyar ko shida ke nan, abin da nauyin fasinja ɗaya zai iya shanyewa. Inda ake samun fiye da haka shi ne injin da kamfani ya danne da gangan don ya sayar da shi a matsayin ƙaramin nau'i.

Turbo kuwa fanka ce da hayaƙin inji yake juyawa, ita kuma take dannan iska zuwa cikin silinda. Yawan matsin da take bayarwa yana hannun kwamfuta, ta hanyar wata ƙofa da ke karkatar da hayaƙi ko fukafukan da ke sauya kusurwa. Wato a nan manhaja tana da iko da iska. Misali, idan turbo yana ƙara matsin bar 1.0 a kan bar 1 na iskar duniya, jimilla bar 2.0 ke nan. In aka ɗaga shi zuwa 1.3, jimilla ta zama 2.3, an samu ƙarin iska kusan kashi 15 cikin ɗari, muddin ba ta yi zafi da yawa ba. Aka haɗa ta da man da ya dace, ƙarfi ya ƙaru kusan haka. Sharaɗin zafin yana da muhimmanci, domin matsa iska yana ɗumama ta, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, tana kuma jawo ƙwanƙwasa. Ƙaramin turbo da aka tilasta wa aikin da ya fi ƙarfinsa zafi yake ƙarawa fiye da iska.

Injin dizal mai turbo ya fi kowanne karɓar gyara, saboda a ƙa'idarsa yana aiki da iskar da ta fi bukatarsa, don haka ƙara mai kaɗai yana ƙara ƙarfi. In aka wuce gona da iri sai baƙin hayaƙi ya fito, alamar cewa man ya fi iskar yawa.

Ƙarin ƙarfi ba ya ƙara iyakar gudu sosai. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana ƙaruwa ne da gudu ninki uku a kan kansa, saboda haka ƙarin ƙarfi na kashi 20 cikin ɗari ba ya ba da fiye da kimanin kashi 6 a iyakar gudu. Amfaninsa ya fi fitowa wajen wuce wata mota, hawan tudu da jan kaya.

Hanyoyin yin sa, da na'urorin bogi

Hanyar da ta fi yawa ita ce sake rubuta manhajar ta soket ɗin OBD. Wasu masu gyara suna da fayil guda da suke sa wa duk motoci iri ɗaya, wasu kuma sukan ɗora motar a kan na'urar awo su daidaita ta ita kaɗai. Masu sana'ar suna raba aikin zuwa matakai: mataki na 1 manhaja ce kawai, na 2 ana haɗawa da sauya salansa da na'urar sanyaya iska, na 3 kuma da babban turbo da nozul. Babu wata hukuma da ta tsara waɗannan sunaye, kowane kamfani da abin da yake nufi da su.

Hanya ta biyu ita ce akwatin da ake haɗawa tsakanin sansa da kwamfuta. Ba ya taɓa manhaja, ƙarya yake yi mata: yana gaya mata matsin mai ko na turbo bai kai ba, ita kuma ta ƙara. Yana ƙara ƙarfi da gaske a injin turbo, ana kuma iya cire shi, amma kwamfutar tana kare inji ne bisa bayanan da ba daidai ba. Motocin tsere kuwa sukan cire kwamfutar kamfani gaba ɗaya su sa wata, irin ta MoTeC ko Haltech.

Sai kuma abubuwan da ba sa ƙara ƙarfi. Akwai akwatin da ake haɗawa da totur, wanda yake sa kwamfuta ta ɗauka an taka fiye da yadda aka taka. Mota takan zabura da ɗan taɓi, direba ya ji kamar ta ƙara ƙarfi, alhali in an danne totur har ƙasa babu abin da ya canza. Akwai wanda resisto ne guda a cikin kwali, da ake haɗawa da sansar zafin iska don kwamfuta ta ɗauka iskar sanyi ce take shiga. Ɗan man da ta ƙara, sansar oksijin takan sa ta rage shi. Akwai kuma wanda ake cusawa a soket ɗin OBD da alkawarin ƙarin ƙarfi mai yawa. A 2017 masu bincike na kamfanin Quarkslab na Faransa sun buɗe ɗaya daga cikinsu mai suna Nitro OBD2, suka gano ba ya aika wa kwamfutar mota kowane saƙo, fitilu kawai yake ƙyaftawa.

Yadda ake aunawa

Jin direba ba ma'auni ba ne, musamman direban da ya riga ya biya kuɗi. Ana aunawa da na'ura mai suna dainamomita, inda ake ɗora tayoyin mota a kan ganguna masu juyawa. Abin da take karantawa shi ne ƙarfin da ya iso taya, wanda bai kai na inji ba saboda asarar da ake yi a giyabos da sauran sassa. Lambar da kamfani yake bugawa ta inji ce. Wasu wuraren awo sukan ƙiyasta asarar su ƙara ta, kuma a wannan ƙiyasi ake iya kumbura sakamako.

Zafi da matsin iskar ranar su ma suna canza sakamako, shi ya sa ake daidaita shi da ƙa'ida. Ƙa'idar SAE J1349 ta Amurka tana mayar da lissafi zuwa digiri 25 na Salsiyas, ta DIN 70020 ta Jamus kuma zuwa digiri 20. Awon da za a dogara da shi shi ne wanda aka yi kafin gyara da bayansa, a na'ura ɗaya, da mai ɗaya, a yanayi kusan ɗaya, aka kuma maimaita shi sau da dama. Maimaitawar tana tona asirin gyaran da ke ba da babbar lamba a gwaji na farko, sannan ya faɗi da zarar inji ya ɗau zafi.

Illoli

Ƙarin ƙarfi yana nufin ƙarin matsi a kan fistin da ƙarin zafi a hayaƙi da turbo. Gyaran da aka yi da hankali a kan lafiyayyen inji yana iya daɗewa ba matsala, amma rarar da za ta ceci injin ranar da aka sha mugun mai ko lagireto ya toshe ta ragu. Mafi haɗari shi ne gyaran da aka rage kaifin sansar ƙwanƙwasa ko aka kashe iyakokin zafi don lamba ta yi kyau.

Sau da yawa ba injin ne yake fara gazawa ba. Kuloci yakan fara zamewa, giyabos kuma yana da iyakar ƙarfin murɗawar da aka ƙera shi a kai. Giyabos ɗin DQ200 na Volkswagen mai giya bakwai, alal misali, an tsara shi ne don Nm 250, adadin da ƙaramin injin turbo da aka gyara yake iya wucewa. Birki da taya kuma suna nan yadda suke.

Game da shan mai, ana yawan cewa gyara yana rage shi. A injin dizal ana iya samun ɗan ragi idan ƙarin ƙarfin ya sa direba yana tafiya a babbar giya, amma duk lokacin da aka yi amfani da ƙarin ƙarfin, ƙarin mai aka ƙona. Lambar da allon mota yake nunawa ba abin dogaro ba ce bayan an sa akwatin da ke yi wa kwamfuta ƙarya, domin daga bayanan ƙaryar take lissafi. Cika tanki da ƙirga kilomita shi ne awon gaskiya.

Sai hayaƙi. Badaƙalar Volkswagen da ta fito a watan Satumba na 2015, wadda ta shafi motocin dizal kusan miliyan 11 a duniya, ta nuna cewa manhaja kaɗai tana iya sa mota ta fitar da iskar nitrojin oksaid ninkin abin da doka ta yarda. Wasu masu gyara sukan haɗa aikin da cire matatar kunkunniya ta dizal ko kashe bawul ɗin EGR, wanda ke ƙara gurɓata iskar da mutane ke shaƙa.

Doka, garanti da inshora

A Amurka dokar tsaftar iska ta haramta sayarwa ko ɗaura abin da ke lalata tsarin rage hayaƙi a motar da ke hawa titi. A 2016 kamfanin babura na Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda na'urorin gyaran manhaja kimanin 340,000 da ya sayar. Jihar Kalifoniya, daga watan Yuli na 2021, tana kayar da mota a jarrabawar hayaƙi idan aka same ta da manhajar da hukumar jihar ba ta amince da ita ba. A Jamus ƙara wa mota ƙarfi ba tare da an duba an shigar da shi a takardunta ba yana iya soke izininta na hawa hanya. A Birtaniya wajibi ne mai mota ya sanar da kamfanin inshorarsa, in ba haka ba kamfanin yana iya ƙin biya bayan haɗari.

Kamfanonin motoci kan ƙi gyara inji ko giyabos a ƙarƙashin garanti idan suka gano an taɓa manhaja. Mayar da ta asali kafin a je wurinsu ba lallai ya ɓoye abin ba, domin kwamfutoci da yawa suna ƙirga sau nawa aka rubuta su, suna kuma ajiye tarihin matsi da ƙarfin da inji ya kai.

A ƙasashe masu zafi

Yawancin fayilolin gyara a Turai da Amurka ake rubuta su, ga yanayi mai sanyi da fetur mai okten 95 ko 98 a ma'aunin Turai. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar zafi yakan wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, kuma iska mai digiri 40 ta fi mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 6 cikin ɗari, ta kuma fi saurin jawo ƙwanƙwasa. A mafi yawan gidajen mai fetur iri ɗaya ne, babu zaɓin mai okten mai yawa, ga kuma man bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da fukafukan lagireto. Irin wannan yanayi ne kamfani ya bar rarar dominsa. A wuri mai tudu kamar Jos, mai tsayin kimanin mita 1200, injin da ba shi da turbo yana rasa fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa saboda ƙarancin nauyin iska, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

Bugu da ƙari, motocin da suka fi yawa a waɗannan wurare, irin su Toyota Corolla da Camry, Honda Accord, Peugeot 406 da Golf 3 na fetur, galibinsu ba su da turbo, kuma da yawa 'yan Kwatano ne da suka riga suka yi tafiya mai nisa. Irin wannan mota ta fi yiwuwa ta rasa ƙarfi ne saboda tsohon fulogi, toshewar nozul ko matatar iska, mutuwar sansar oksijin, ko toshewar matatar hayaƙi wadda makanikai ke kira indomi. Gyara waɗannan yakan dawo da dawakin da suka fi waɗanda sabuwar manhaja za ta iya ba ta yawa.